Masu aiki tsakanin Saudiyya da gida: da wace manhaja kuke haɗa aikinku?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Jidda ina kula da masaukai da motocin masu zuwa Umara. Abokan aikina wasu suna Kano, ɗaya yana Madina. Azumi na ƙaratowa, baƙi za su ƙaru, ga shi komai namu a zauren WhatsApp yake. Don Allah wanda ya gwada wata hanya da hannunsa ya faɗa mana yadda ya gani.

Wata Hajiya daga Makka:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bar WhatsApp, shi kowa ya iya, har direbobi. Abin da za ka raba shi ne hira da ajiya. Mu da can sunayen baƙi da lokacin saukar jirgi duk a saƙon murya ake turowa. Sai ka gan ni tsaye a ƙofar otal, baƙo na jira da jakarsa, ina danna muryoyi ɗaya bayan ɗaya ina neman lambar ɗakinsa. Yanzu shafi guda muka buɗe a Google Sheets: suna, jirgi, otal, ɗaki, direba. Na Kano yana cikawa, ni ina gani nan take. Dokarmu ita ce abin da bai shiga shafin ba, ba a faɗe shi ba. Hotunan fasfo kuwa a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, kyautarsa gigabait 15 ce, kuma mutum uku kawai muka ba izinin buɗewa, domin amanar mutane ce.

Wani ɗalibi daga Madina:
Hajiya ta gama magana. Nawa ƙarin a kan taro ne. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, Google Meet kuwa awa guda, shi muke amfani da shi. Amma yallaɓai, lokaci ya fi manhaja ba da wahala. Muna gaban Najeriya da awa 2, hutunmu Juma'a da Asabar, nasu Asabar da Lahadi. Litinin zuwa Alhamis kaɗai muke da su tare. Duk mai kiran taro ya rubuta agogon Makka da na Kano, ya kuma kauce wa lokacin salla.

Wani ɗan'uwa ɗan Maiurno ta ƙasar Sudan, mazaunin Riyad:
Ni fassara muke yi daga Larabci zuwa Hausa, biyu daga cikinmu suna Gadarif, can Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, intanet ya zama na yau akwai gobe babu, a Fabrairun 2024 ma ya ɗauke a kusan duk Sudan. Wannan ya koya mana mu zaɓi manhaja daidai da mai raunin netwok a cikinmu. Mun ajiye taron bidiyo gaba ɗaya. Google Docs muke buɗewa ta yadda za a yi rubutu ba intanet, idan ya dawo aikin ya hau da kansa. Manyan fayiloli ta Telegram, yana ɗaukar har gigabait 2. Slack, manhajar hirar abokan aiki, yana da tsari, sai dai na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa, mu kuma muna komawa kan tsohon aiki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shafin zan fara buɗewa a makon nan. Hajiya, direbobinki su ma suna shiga shafin ne, ko hoton jadawalin ranar kike tura musu?