Musayar waƙa kan shekarar 1963, amsa-amonmu "ya"

Ɗan Kurmi:
Salam 'yan uwa, yau shekara ɗaya tak za mu ɗauka, 1963, lokacin ƙasarmu na da shekara uku da samun mulkin kai. Ƙwar biyu za mu yi, kowa ya kawo abin da ya karanta ko ya ji a gida. Bismillah.

Da sunan Allah na buɗe zance,
Kan shekarar da muka sallami Sarauniya.
Ran 1 ga Oktoba aka sake tsari,
Jamhuriya ta zam sunan Nijeriya.
Zik ya tuɓe rigar Gwamna Janar,
Ya zam shugaban ƙasa baki ɗaya.
Amma fa iko na gun Balewa,
Ɗan Bauchi mai murya ta zinariya.
Ɗaukaka ƙara ta bar zuwa Landan,
Kotun Ƙoli a Ikko ce ƙarshen hanya.

'Yar Madabo:
Haba yaya Ɗan Kurmi, kana ɗan birni ka tsallake Kano ka tafi Ikko? Mu a gidanmu in an ambaci shekarar nan wallahi ba jamhuriya ake tunawa ba.

Tsaya in ba ka ta cikin ganuwa,
Sarki uku muka yi a shekara ɗaya.
An binciki baitulmalin En'e,
Bature Muffett ya kai rahoto wurin manya.
Sarki Sanusi na ɗaya ya yi murabus,
Azare ta karɓe shi, shi da mabiya.
Inuwa ya hau, bai jima a kai ba,
Watanni kaɗan ya bar duniya.
Ado na jakada a can Senegal,
Aka kira shi gida, rawani ya sanya.
Shekara 33 kacal gare shi,
Ya riƙe Kano 50 da ɗoriya.

Kakata Allah ya jiƙanta ta sha gaya mana ranar da labarin murabus ɗin ya shigo gida tana cikin daka ne, ta jingine taɓarya ta zauna a gindin turmi, kaji na ta cin geron ba ta ko kore su ba, ranar tukunya ba ta hau murhu ba sai bayan la'asar.

Bakatagume:
Allah sarki hajiya, baƙonku mu muka sauke shi.

Kun yi rashi, mu mun yi samu,
Azare ta yi baƙo mai tsarkin zuciya.
Babana ya ce lodi-lodi ake zuwa,
Kanawa a bayan loli, rana da ƙura ba su sa an juya.
Gadon sarauta ya bar wa wasu,
Ya zam Halifa a Tijjaniyya.

Malam Na Tudun Wada:
Madalla da ku, amma ni abin da ke cin raina a shekarar nan ƙirga mutane ne, don har gobe ba mu warke ba.

Ta 1962 an soke ta,
Nuwamba ta zo aka sake ƙidaya.
Miliyan 55 da 'yan kai,
Arewa ta haura rabi ita ɗaya.
Okpara Firimiyan Gabas ya ce bai yarda ba,
Ya ce lissafin ba ya kan gaskiya.
Ai ba kawuna kaɗai ake ƙirgawa ba,
Kujerun majalisa ne, da rabon dukiya.
Awolowo aka ɗaure shi shekara 10,
Yamma ta kwana cikin hayaniya.
Aka yanki sabon yanki daga jikinta,
Benin ta zamo masa cibiya.

Ɗan Kurmi:
Na karɓi gyara malam. Ƙanwata ke kuma ga tambaya, Sanusi fa ginshiƙi ne a jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa kuma aminin Sardauna, to

Lissafi ne ya ci sarki,
Ko ko Kaduna ce ta juya masa baya?

'Yar Madabo:
Takarda ta ce kuɗi ne, yaya,
Tsofaffinmu sun ce ƙarfi ne ya hana biyayya.
Zakara biyu a akurki guda,
Ai dole ɗaya ya rage murya.
Haushin da Kanawa suka haɗiye,
Shi ya haifi KPP, sabuwar jam'iyya.

Kakar tawa har ta koma ga Allah in za ta ambace shi sai ta ce "Halifa", kuma sai ta sunkuyar da kai tukuna.