Zama da maɗaukin kanwa: gargaɗi ne kaɗai, ko ana faɗinsa a kan alheri?

Fasto, Maamobi:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Tambaya gare ni a kan karin maganar nan, "zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Ranar Lahadi na kawo ta a cikin wa'azi. Na ce wa jama'a tun da aka turo ni aiki nan Ankara, babban birnin Gana, daga ƙasar Zazzau, na zauna tsakiyar Musulmi a Maamobi, kaina ya yi fari, kuma ina yi wa Allah godiya. Abin da nake nufi shi ne halayen da na ɗauka a wurin maƙwabta ba tare da kowa ya zaunar da ni ya koya mini ba. Ladanin masallacin lungunmu ne ke tashe ni da asuba, shi ya shiga sallarsa, ni in buɗe Zabura. Ban ƙara wuce dattijo a bakin ƙofa ban tsaya na tambayi gida da gajiya ba. Da azumi yara kan shigo mini da koko da ƙosai a rufe, ni ma sai na fara aika musu shinkafa da kaza ranar Kirsimeti.

Da aka tashi sujada wata tsohuwa a cocinmu ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, ba a yabon mutum da wannan magana. Zagin maƙwabtanka ka yi ba ka sani ba." Maganarta ta tsaya mini a rai. Shin gargaɗi ne kawai, ko tana ɗaukar alheri ma?

Malamin allo, Nima:

Fasto, sannu da ƙoƙari. Tsohuwar nan ita ke da gaskiya. Tun tasowata ban taɓa jin an faɗi maganar nan ba sai in za a ja wa yaro kunne. Uba ya ga ɗansa ya fara zama da masu shaye-shaye a bakin kwata, sai ya kira shi ya faɗa masa ita, ba ya ƙara komai a kai. Wanda ya ji ya san an ce masa ya sake abokai. To in ka ce mu ne maɗaukan kanwa, ka ga inda maganar ta nufa.

Na san ba haka kake nufi ba. In abin da ya haɗa ɓangare biyu kake nema, muna da shi a hadisi, Buhari da Muslim duk sun kawo shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta abokin zama na gari da mai ɗauke da almiski, ko ya ba ka, ko ka saya, ko ka shaƙi ƙamshi. Mugun aboki kuma da mai hura zugazugi, ko ya ƙona maka riga, ko ka shaƙi wari. Ita kanwa ɓangaren zugazugi take.

Alhaji, tsohon ɗan goro, Aboabo a Kumasi:

Malam, ban yarda da kai duka ba, ban kuma yarda da Fasto duka ba. Ku bari wanda ya taɓa sauke buhun kanwa ya yi magana.

Kakana falke ne. Su ne masu tasowa daga Kano da jakuna, su bi ta Jega da Yawuri, su haye Kwara, su ratsa Nikki da Jugu da Yandi har Salaga ta ƙasar Gwanja, watanni a hanya, madugu na gaba. Abin da suke kawowa Gwanja akwai turkuɗi da jar fata da gabu, amma kanwa na cikin manyan kaya, musamman ungurnu ta bakin tafkin Cadi. Su sauke ta su ɗauki goron da ya fito daga kurmin Asante. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 hanya ta fara canzawa, yaƙin Salaga na 1892 kuma ya watsa mutanenmu, wasu Kete Karaci ta bakin kogin Volta, wasu nan Kumasi, wasu suka gangara bakin teku. Yawancin zangunan da muke ciki daga nan suka yi ƙarfi.

To wannan kayan da ya ciyar da kakanninmu ba za a ce shi ne alamar mugunta ba. Maɗaukin kanwa ba ɓarawo ba ne, mai neman halali ne. Abin da ke cikin maganar shi ne ƙura. In ana sauke buhu gari na tashi, ya sauka a kan wanda ke zaune kusa, shi bai ɗauka ba, bai sayar ba, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba, amma in ya shiga gari kowa ya ga kansa sai ya ce ga ɗan kanwa. Ni a wurina ma'anar ke nan: ana yi maka shaida da wanda aka gan ka tare da shi, ko da ba ka yi abin da yake yi ba. Ba hali ne ya canza ba, kallon mutane ne.

Matashi, Nima:

Baba Alhaji, wallahi ka faɗi abin da ke cina. Na gama makaranta na je neman aiki a wani wuri, hira ta yi kyau har mutumin yana dariya, da ya ga adireshina sai fuskarsa ta canza. Ban taɓa riƙe adda ba, ban taɓa kwana a hannun hukuma ba, amma an ce yaron Nima ne. Wannan farin kan ne nake ɗauke da shi. Shi ya sa in na ji maganar nan raina ba ya mini daɗi, ko a bakin wa ta fito.

Hajiya mai waake, Sabon Zango:

Ɗana, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Kada ka sake ka ɓoye unguwarku don wani.

Ni dai kullum hannuna cikin kanwa yake, bari in sa baki. Ƙarfe uku na dare nake ɗora tukunya. In na wanke wake na zuba, sai karan dafi, sai 'yar kanwa kamar ƙwayar gyaɗa biyu da na jiƙa na tace. Ita ke sa wake ya nuna da wuri, ita ke fito da jan launin nan da masu saye ke nema kafin in zuba shinkafa. Haka miyar ayoyo ta tuwon zafi, in ba kanwa ba ta yin yauƙi. In ta yi yawa kuwa abinci ya yi ɗaci, tukunya guda ta tafi. Don haka ni ban ga laifin Fasto ba da ya ce ya shafi kanwa. Layin da ke gaban teburina da safe rabi Kirista ne, Ankarawa da Asantawa da Ayigbe, wato Ewe, kuma a bakinsu na iya yarensu. Su ma sun iya cewa "Hajiya, ƙara mini shito," soyayyen yajin nan. Wa ya yi asara?

Malam, ai magana ta mai faɗinta ce. In uwa ta ce wa ɗanta "ja'iri" tana murmushi, zagi ne?

Dattijon coci, Madina:

Fasto, ranka ya daɗe, ni damuwata dabam ce da ta tsohuwa. Ba maƙwabta nake jin za su ji haushi ba, 'yan cocinka nake ji. Makiyayi ya hau bagade ya ce zama da waɗansu ya canza shi, akwai wanda zai koma gida yana tambayar kansa ina canjin zai tsaya. Manzo Bulus ya faɗa wa Korintiyawa zama da miyagu yakan ɓata halayen kirki, kuma yawancinmu da wannan kunnen muke jin karin maganar kanwa. Ban ce maƙwabtanka miyagu ba ne, Allah ya kiyaye, ni kaina a gidan wani Alhaji nake haya kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma da ka ɗauko daga littafin Karin Magana sura 27, inda aka ce gara maƙwabci na kusa da ɗan'uwa na nesa, da ba wanda zai ja ka gefe.

Fasto, Maamobi:

Na gode muku duka. Baba dattijo, bangaskiyata tana inda take, kuma maƙwabtana ba su taɓa neman in motsa ta ba. Amma bari in faɗi abin da ya sa na zaɓi kanwa ban zaɓi ayar da ka kawo ba. Ayar tana cewa maƙwabci yana da amfani. Ni abin da nake so jama'a su ji shi ne maƙwabci yana shafarka, ko ka so ko ba ka so.

Ga abin da ya fi shafata. Wani tela da shagonsa ke jikin cocinmu ya rasu da safe. Kafin azahar an wanke shi an sa masa likkafani, fari ƙal, yadi kaɗan. Aka ɗauko makara daga masallaci, wadda aka ɗauki mai kuɗi da ita ita ce aka ɗauke shi da ita. Maza suka yi sahu a titi, aka yi masa salla a tsaye, mintoci kaɗan, kafin la'asar ta yi sanyi an dawo daga maƙabarta. Aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya zo ya zauna ya yi gaisuwa, ya sa abin da ya samu a hannun matar. Ba a ci bashin ko sidi ɗaya ba.

A watan da telan ya rasu kuma ina ta zirga-zirga da wani iyali na cocinmu. Mahaifinsu na kwance a ɗakin ajiye gawa ana biyan kuɗi kullum, ana jiran dangi na waje su sa rana. Sai ɗinkin yadi iri ɗaya, hayar rumfa da kujeru, makaɗa, akwati mai tsada, babban hoto a bakin titi, abincin ɗaruruwan mutane. Da aka watse, gwauruwar ta zo ofishina tana kuka, ba kukan miji kaɗai ba, kuɗin makarantar yara ne ya tafi. Ba na raina al'adar kowa, girmama mamaci abu ne mai kyau, kuma na san zuciyar da ake yi da ita. Amma tun daga ranar, duk iyalin da suka zo mini da rasuwa nakan zaunar da su mu yi lissafi kafin a kira mai rumfa. Wannan a wurin telan nan na same shi, yana kwance cikin makara.

Ba Musulmi kaɗai ba. Kowace shekara wajen watan Mayu zuwa Yuni, sarakunan gargajiyar Ga, 'yan asalin Ankara, kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na girbi, Homowo, har da lasifikar waje ta coci da masallaci. Na san fastocin da ke jin zafin abin. Mu da muka ajiye ganguna muka rera da baki, a nan na fara jin muryar tsofaffin matan da ke bayan coci, ashe su ne suka haddace baitocin duka. Yanzu ko an ɗage dokar mukan yi waƙa ɗaya ba kiɗa.

Kuma a ƙasar nan ai babba ya riga ya nuna hanya. A Ista ta 2019 Babban Limamin Ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika na Christ the King ya zauna, Fada Andrew Campbell ya tarbe shi. Ya fito yana Musulminsa. Ƙidayar 2021 ta ce Kirista kusan 71 cikin ɗari ne, Musulmi kusan 20. Gida ɗaya, famfo ɗaya, motar haya ta torotoro ɗaya, ƙurar juna dole ta same mu.

Ɗaliba, Legon:

Gafara iyayena, in sa baki kaɗan. Ina ganin kowa cikinku ya riƙe gefe ɗaya na abu guda. Akwai karin maganar da ke juyawa da yanayin mai faɗi. "Haƙurin kaya sai jaki" na ji an faɗe ta don tausaya wa mai ɗawainiya, na kuma ji an faɗe ta don a ce wa mutum ya daina bari ana hawansa. Sai dai wadda ta daɗe tana tafiya hanya ɗaya, in ka juya ta dole ka nuna ka san ka juya ta. Fasto, da ka ce "Hausawa na faɗin wannan don gargaɗi, ni yau zan faɗe ta don godiya," ina jin Mma tsohuwa da ba ta ce komai ba.

Alhaji, tsohon ɗan goro, Aboabo a Kumasi:

'Yata, kin yi magana. Amma Fasto, ka lura, labarin telan nan ba ƙura ba ce ta sauka maka a ka. Gani ka yi, ka auna, ka ɗauka da hannunka. Wannan saye ne. Mai farin kai bai zaɓa ba, kamar yaron nan na Nima.

Malamin allo, Nima:

Alhaji ya taimake ni. Fasto, labarinka ya taɓa ni ƙwarai, telan nan ni na ja masa salla in dai wanda nake zato ne, Allah ya jiƙansa. Amma ina nan a kan bakata. Karin maganar da sai an yi mata gabatarwa kafin a faɗe ta, ta bar aikinta, don amfaninta shi ne a jefa ta a wuce kowa ya gane. Ka faɗi abin da ka koya a wurinmu yadda ka faɗe shi a nan, ya fi kanwar daɗin ji.

Ranar Asabar akwai suna a lungunmu, bayan kasuwar Nima, dattawan unguwa duk za su hallara da hantsi. Ka zo da tsohuwar cocinku in ƙafarta za ta iya, a sa mata kujera wajen mata. In an shafa fatiha an raba goro sai mu ɗora musu tambayar, Hajiya ma ta zo ta kare nata ra'ayin a gabansu.