AR-15 ɗina ta daina ɗauko harsashi na biyu tun da na canza bulon gas

Bakatsinen Houston:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta hana ni sakat tun ranar Asabar, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

Bindigar AR-15 ce, bututunta inci 16, tsarin gas matsakaici. Shekara uku ina zuwa filin harbi da ita ba ta taɓa yi min gardama ba. Karambani ne ya ja ni. Na ga abokai sun sa doguwar rigar bututu ta alminiyom, ni ma na ce sai na sa. Amma doguwar riga ba ta shiga sai an cire saitin gaba mai kusurwa uku, wanda shi ne kuma bulon gas na asali, wato ƙarfen da ke karɓar hayaƙin albarushi daga bututu. Na buge ƙusoshinsa biyu da ƙyar, har na ɓare fatar babban yatsana, na sa ƙaramin bulo mai sukurori biyu a ƙasa, na tura shi har ya dafe kafaɗar bututun, na ɗaure da alanki, na mayar da tiyon gas. A ido komai ya yi ɗas.

Da na je filin harbi, harbin farko ya tashi lafiya. Na sake danna kunama, shiru. Na duba, kwanson ya fita amma sakata, wato ƙarfen da ke ɗura harsashi, ba ta ɗauko sabon harsashi ba. Na ja da hannu, na harba, haka dai. Wani lokaci kwanson ma ba ya fita, sai ya maƙale a bakin taga. Waɗanda suka fita kuma ba sa nisa, nan gefen takalmina na dama suke zubewa, ta baya-baya. A taƙaice bindigata ta koma adaka, harbi ɗaya ɗuri ɗaya. Wani Bature da ke layin kusa da ni sai satar kallona yake, ni kuwa na tattara kayana na bar wurin da harsashi 80 da ban taɓa ba.

Na wanke ta, na sa mai, na canza gidan harsashi har guda uku. Babu canji. Ta ina zan fara?

Baba na Columbus:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai, cire gidan harsashi, ka ja sakata baya, ka leƙa da ido ka kuma taɓa da yatsa. Harsasai su kwana a wani ɗaki daban da teburin aikinka. Na san ka sani, amma ba na fara magana a kan bindiga ban faɗi wannan ba.

Shekara 26 na yi a gaban injin yankan ƙarfe kafin na ajiye aiki, kuma abin da ka kwatanta ƙarancin gas ne, ba wani aljani ba. Yadda Eugene Stoner ya tsara bindigar nan a kamfanin ArmaLite cikin shekarun 1950, ba ta da wani abin da ke tura sakata baya in ban da hayaƙin albarushin da ke bin harsashi. Akwai ɗan rami a saman bututu. Da harsashi ya wuce ramin, sai wani kaso na hayaƙin ya haura cikin bulo, ya bi siririn tiyon nan ya dawo baya, ya shiga makullin gas da ke saman gidan sakata, ya buɗe ta ya tura ta. Hayaƙin yana samun wannan ƙarfin ne a ɗan tsakanin da harsashi ke yi daga ramin zuwa bakin bindiga. Idan hanyar ta toshe ko da rabi ne, sakata za ta koma baya amma ba za ta kai ƙarshe ba. Ta isa ta jefar da kwanso, ba ta isa ta wuce gindin sabon harsashi ta kwaso shi ba. Abin da kake gani ke nan.

Ramin da ke kan bututu irin naka ƙarami ne ƙwarai, galibi tsakanin inci 0.070 da 0.080, bai kai kan ashana ba. To ka ce ka tura bulon har ya dafe kafaɗa. Nan na tsaya. Bututun da ya zo da saitin gaba na asali, akwai wani faifan ƙarfe da ke zama tsakanin kafaɗa da saitin, shi ne yake riƙe tsohuwar rigar roba. Kaurinsa wajen inci 0.030 ne. Da ka cire shi, wurinsa ya zama fili. Wasu buloli an ƙera su da lissafin wannan filin, wasu kuma ba a yi ba, sai kai ka bar musu. Katin banki kaurinsa ke nan daidai, da shi nake aunawa idan na rasa ma'aunina.

Ba sai ka yi ta canki-canka ba, bindigar ta riga ta rubuta maka amsa. Tunda ka yi harbi da ita, kwance sukurorin ka zare bulon a hankali, kada ka goge komai. Za ka ga kunkunniya ta zana da'ira a kan bututun, wato hoton ramin bulo. Idan ramin bututu yana tsakiyar da'irar, bulonka ba shi da laifi, mu nemi ɓarawon a wani wuri. Idan da'irar ta ci gefen ramin, ko ta zame gaba, baya ko gefe, ka kama shi. Ɗauki hoto ka turo.

Injiniya Dallas:

Baba, Allah ya ƙara girma, ina tare da ku a kan ƙarancin gas, amma zancen katin banki ina ganin an fi ba shi girman da ya wuce nasa. Ramin da ke cikin yawancin buloli ya fi na bututu faɗi sosai, da gangan ake yin sa haka don ya yafe ɗan kuskure. Na ɗaura buloli da dama a manne da kafaɗa kuma sun yi aiki. Abin da na fi gani shi ne bulo ya juya gefe lokacin da ake ɗaure sukurori, musamman idan babu ɗan gurbi a ƙasan bututu da sukuru zai zauna a ciki. Mutum yana ɗaurewa, bulo yana murɗawa kaɗan-kaɗan, ido ba ya kamawa.

Malam Bakatsine, ga abin da zan so ka gwada, tunda ba ya cin kuɗi. Sa harsashi ɗaya tak a gidan harsashi ka harba. Idan sakata ta tsaya a buɗe bayan harbin, gas yana isa, matsalar tana wani wuri. Idan ta rufe, gas ne. Idan ka koma gida kuma, cire sakata daga gidanta, ka zura gidan shi kaɗai cikin bindigar a hankali. Makullin gas ya kamata ya haɗiye bakin tiyo ba tare da ka ji ya daki wani abu ba. In ka ji turjiya, tiyon ya karkace, wataƙila sabon notin bututu ne yake dannarsa. Ka kuma kama makullin gas ɗin ka girgiza, bai kamata ya motsa ko kaɗan ba. Zobba uku na jikin sakata ma a duba: ja sakatar waje, ka tsayar da gidan a kan fuskarta bisa tebur, in ya sulale ƙasa da nauyin kansa zobban sun gaji.

Tambaya biyu. Ka taɓa nauyin da ke cikin gindin bindiga? Na asali wajen oza 3 ne, masu alamar H2 sun haura oza 4 da rabi, kuma mutane kan saka mai nauyi su manta. Sannan wane harsashi ka je da shi, 5.56 ko .223? Na .223 mai araha ba shi da ƙarfin tura bindigar da gas ɗinta ke kan gaɓa.

Ɗan Sabon Gari:

Ikon Allah. Ku a can har kwance bindiga kuke yi a gareji kamar mai gyaran janareta? Mu nan ko kwanson harsashi aka gani a aljihunka sai ka yi bayani a ofishin 'yan sanda. Yallaɓai ka dai tabbata takardunka sun cika.

Bakatsinen Houston:

Ɗan Sabon Gari, ka ba ni dariya. Ƙasa ce kowace da dokarta. A shagon da ke da lasisin gwamnatin tarayya na saye ta, na cike fom 4473, aka binciki tarihina kafin a miƙo min. Canza riga ko bulo ba laifi ba ne a nan. Abin da ba a wasa da shi shi ne tsawon bututu, dokar 1934, bayan gyaran da aka yi mata, ta sa iyaka a inci 16, shi ya sa ban taɓa kusantar nawa da zarto ba. Kuma takarda kawai nake hudawa a yadi 100, ko barewa ban taɓa harbi ba.

Injiniya, ban taɓa nauyin baya ba, harsashin kuma 5.56 ne, irin wanda na saba. Makullin gas daram yake, zobba sun riƙe, gidan sakata ya shige sumul. Saura maganar Baba, yau da dare in sha Allah idan yara sun kwanta.

Baba na Columbus:

Injiniya, ban ƙi taka ba, na ga waɗanda suka yi aiki a manne. Amma yafiyar ramin bulo tana da iyaka. In tazara ta cinye rabinta, juyawa ta cinye sauran, me ya rage? Shi ya sa nake cewa a duba kunkunniya a huta da musu.

Ɗana, ga wata dabara tunda za ka kwance. A yawancin buloli, ramin sukurun baya yana saitin ramin gas ne daidai, domin ta nan aka huda shi. Cire sukurun gaba ɗaya, ka juya bulon ciki ya koma sama, ka leƙa ta ramin sukurun har ka ga ramin bututu a tsakiya. Tazarar da ta rage tsakanin bulo da kafaɗa a lokacin, ita ce tazararka, ka auna ta. Sannan ka ja layi da fensir a tsakiyar saman bututu, ka ja wani a tsakiyar bulo, ka haɗa su idan ka mayar da shi daidai. Sukurori kuma kada ka ƙarasa ɗaya ka koma ɗaya, bi su kaɗan-kaɗan kana duba layin. Maganin riƙe sukuru ka nemi mai jure zafi, shuɗin nan na gama-gari sakin jiki yake idan bulo ya ɗau wuta. In ba ka natsu da hannunka ba, kai wa maƙerin bindiga ya huda maka gurbin sukuru, aikin minti kaɗan ne a wurinsa.

Bakatsinen Houston:

To jama'a, ku duka biyun kun ci. Da na zare bulon na haska da fitilar waya, da'irar kunkunniyar ta zame baya, ta kuma karkata hagu. Abin da ya rage a buɗe na ramin bututu kamar jinjirin wata ne, har na yi mamakin yadda ma take jefar da kwanso. Gefen bulon ta dama kuma duk baƙi, ashe ta nan gas ke tserewa, rigar ce ta rufe ban gani ba.

Na yi dabarar juya bulo. Katin banki ya shiga tsakani cif, kamar don shi aka bar wurin. Gurbin sukuru kam ban yarda da kaina ba, na kai wa wani maƙeri da ke kusa da mu ya huda, na dawo na ɗaure a kan layin fensir. Kafin in mayar da riga na toshe ɗakin harsashi da tsumma, na hura iskar gwangwani ta bakin bututu, na ji tana fita ta bakin tiyo da ƙarfi.

Jiya na koma filin. Harsashi ɗaya a gidan harsashi, na harba, sakata ta tsaya a buɗe. Na maimaita sau biyar kafin zuciyata ta kwanta, sannan na ƙarar da 80 ɗin nan ba tare da ko tuntuɓe ɗaya ba. Kwansuna yanzu tari guda suke yi a dama, ɗan baya kaɗan, taku uku daga inda nake.

Baba, tambaya ɗaya ta rage. Na lura saiti ya sauka ƙasa da wajen inci biyu a yadi 100 tun da na canza rigar. Wannan daidai ne, ko akwai wani abin da na sake taɓawa?

Baba na Columbus:

Daidai ne. Da can tsohuwar riga tana jingine da bututu, yanzu sabuwar ba ta taɓa shi, dole wurin faɗuwar harsashi ya sauya. Sake saita madubinka kawai. Bayan harbi ɗari biyu ko uku ka cire rigar ka duba ko layukan fensir ɗin suna nan a haɗe.