Maki 90 bai kai Sheffield United Firimiya ba, 76 ya kai Sunderland: wannan adalci ne?

Gwani_Blades:
Salamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni kan gasar Championship ta Ingila, kakar 2024/25, don wallahi har yanzu abin yana cina a rai. Sheffield United ta buga wasa 46, ta ci 28, ta kammala ta uku da maki 90, shi ma bayan an zaftare mata maki biyu tun kafin a take wasan farko saboda jinkirin biyan wasu kulob kuɗinsu. Sunderland ta zo ta huɗu da maki 76, kuma wasanta biyar na ƙarshe a lig duka kashi ta sha. Sai aka je Wembley ranar 24 ga Mayu 2025, wasa ɗaya tal, Sunderland ta ci 2-1 ta haye Firimiya, mu aka barmu a ƙasa. Tazarar maki 14 fa! To meye amfanin wahalar wata tara idan minti 90 zai goge komai? Me ya sa ba za a ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku kawai ba, a daina wannan wasan cike gurbin da na uku zuwa na shida suka buga don neman tikitin ƙarshe na hayewa Firimiya?

Abban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam Gwani, na san zafin, don ni ɗan Leeds ne kuma abin da ya same ku shi ya same mu a 2024, maki 90 cif muka haɗa muka zo na uku bayan Leicester mai 97 da Ipswich mai 96, muka je Wembley Adam Armstrong ya zura mana ƙwallo ɗaya Southampton ta wuce. Amma duk da haka ba zan ce a soke cike gurbin ba.

Ka duba, kowa ya san dokar tun watan Agusta, biyu ne ke hayewa kai tsaye. Kuma ba a Wembley kuka rasa tikitin ba, a watan Afrilu kuka rasa shi. Kuna cikin tseren sosai da Leeds da Burnley sai kuka je kuka faɗi wasa uku a jere, Oxford da Millwall da Plymouth, Plymouth ɗin da ta ƙare ta faɗa League One. Sannan abokan tseren naku biyu sun doke ku gida da waje, Leeds 2-0 a Elland Road da 3-1 a Bramall Lane, Burnley 2-0 a gidanku washegarin Kirsimeti sannan 2-1 a Turf Moor ranar 21 ga Afrilu, wanda shi ne ya rufe maganar gaba ɗaya. Wasa huɗu da manyan, ko maki ɗaya babu. Leeds da Burnley kowacce maki 100 ta tara, Burnley ƙwallo 16 kacal aka zura mata a kaka guda, to ka ga ba wanda ya kwace muku gurbi, gurbi na uku ne dama ba na kowa ba sai an yi kokawa a kansa.

Abin da ya burge ni da Leeds shi ne bayan faɗuwar 2024 an sayar da Summerville da Rutter da Archie Gray, mutane suna ta cewa shi kenan kulob ya watse, amma shugabanni suka bar Daniel Farke ya ci gaba da aikinsa, ga shi ya dawo ya ɗauki kofin. Ni fatana kar Sheffield ta rushe abin da ta gina saboda haushin rana ɗaya.

Gwani_Blades:
Na yarda da maganar Afrilu Abban Hanifa, ba na musu, wasan Plymouth ɗin nan muna gaba da ci ɗaya aka juye mana a ƙarshen wasa. Amma tambayata tana nan, ko da mun gaza a kan biyun sama ai mun fi duk sauran nesa ba kusa ba. Bristol City da muka haɗu da ita a kusa da na ƙarshe maki 68 gare ta, 6-0 muka yi mata a jimillar wasan gida da waje. Me aka ba mu na ladan zuwa na uku? Buga wasa na biyu a gida kawai.

Hajiya_Mackem:
Ɗan uwa ka yi haƙuri, ni ƴar Sunderland ce kuma ba zan ɓoye farin cikina ba, amma zan faɗa maka yadda nake gani. Wannan faɗuwa biyar a jere da kake magana, lokacin gurbinmu na cike gurbi ya riga ya tabbata kuma na biyu ya yi mana nisa, shi ya sa koci Régis Le Bris ya rika hutar da yara yana jujjuya su, mu kanmu magoya baya hankalinmu ya tashi sosai amma mutumin ya san abin da yake shiryawa. Da dokar ta ce na uku ne zai haye ai ba haka za a buga wasannin ba.

Kuma ka tuna daga ina muka fito. 2017 muka faɗo daga Firimiya, 2018 muka ƙara faɗawa League One, kaka huɗu muna can sai 2022 muka fito ta cike gurbi bayan doke Wycombe. Da yara muka yi wannan kakar, irin su Jobe Bellingham da Chris Rigg da Mayenda, ba mu da kuɗin tallafin nan da Firimiya ke ba kulob ɗin da suka faɗo na wasu shekaru, alhali ku da Burnley da Leeds duk kuna karɓa. In babu cike gurbi kulob irin namu yaushe zai kama ku? Sai dai kulob ɗin da suka faɗo su rika hawa suna sauka abinsu kamar guga a rijiya.

Daren da muka buga da Coventry a kusa da na ƙarshe kuwa ba zan manta ba, ana daf da zuwa fenariti a ƙarshen ƙarin lokaci aka bugo kwana, Dan Ballard ya duƙa ya sa kai ƙwallo ta bugi ƙarfen sama ta shige, filin Stadium of Light ya rikice. A wasan ƙarshe ma gaskiya kun fi mu a farko, Patterson ya ture ƙwallon Kieffer Moore tun a mintunan farko, O'Nien ya fita da ciwon kafaɗa, Tyrese Campbell ya ci bayan Hamer ya yi gudu ya ba shi, sannan VAR ta soke ta Burrows saboda satar gida. Da wannan ta zauna 2-0 ni kaina na san mun tafi. Amma kuka ja baya kuna tsare ci ɗaya, Mayenda ya farke a minti na 76, sai Moore ya yi kuskuren bayar da ƙwallo a tsakiya ta faɗa ƙafar Tom Watson, yaro ɗan shekara 19 da ya riga ya amince zai koma Brighton, ya ja ta kaɗan ya lanƙwasa ta a ƙasa can kusurwa a minti na 95.

Malam_Lissafi:
Duk kun yi magana mai kyau, amma ina ganin Gwani yana da gaskiya a abu ɗaya kuma ba a amsa masa ba. Ba dole sai an zaɓi tsakanin soke cike gurbi da barinsa yadda yake ba. A Italiya, a Serie B, suna da dokar da ta ce in tazarar na uku da na huɗu ta yi yawa ba a buga cike gurbin ma sam, haka aka yi a 2007 lokacin da Juventus da Napoli da Genoa suka haye, Genoa ta ba ta huɗu maki 10 ta wuce kai tsaye. A Ingila tun 1987 ake wannan tsarin kuma babu irin wannan kariya ga na uku.

Dalilin da ya sa ba za su soke ba a fili yake. In ka ce uku ne kawai, daga watan Fabrairu rabin kulob 24 ba su da abin bugawa, filaye za su rage cika, masu nuna wasa a talabijin ba za su so ba. Da gurbi na shida a buɗe, har na goma sha biyu yana da buri a watan Afrilu, kuma wasan Wembley ɗin nan ana kiransa wasa mafi tsada a duniyar ƙwallo saboda kuɗin Firimiya da ke jiran wanda ya ci. Ni abin da zan so shi ne a ƙara wa na uku lada, ko dai ya wuce wasan ƙarshe kai tsaye ya jira, ko kuma in an tashi canjaras shi ne zai haye ba tare da fenariti ba. Hakan ba zai kashe burin na shida ba, kuma maki 90 zai zama yana da daraja.

Sai dai Malam Gwani, ko da wannan gyaran ba lallai ya cece ku ba tunda cikin minti 90 aka doke ku. Kuma tarihin kulob ɗinku da wasan ƙarshen cike gurbi akwai nauyi, 1997 Crystal Palace, 2003 Wolves, 2009 Burnley, 2012 Huddersfield a fenariti, yanzu ga Sunderland.

Gwani_Blades:
Na gode Malam, wannan tsarin na Italiya shi nake nufi, ban ce a hana ƙananan kulob dama ba. Hajiya ina taya ku murna tsakani da Allah, yaranku sun yi zuciya. Ni dai abin da nake roƙo yanzu shi ne a riƙe Hamer, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar kuma daga lokacin da aka cire shi a Wembley tsakiyarmu ta mutu, sannan a nemo ɗan gaba mai cin ƙwallo sosai, don wasanni da yawa da ci ɗaya muka rika tsira kuma a Afrilu da ƙwallon ta ƙi shiga ba mu da wanda zai ɗauke mu. Leicester da Ipswich da Southampton duk sun dawo mana, kakar 2025/26 ba za ta yi sauƙi ba ko kaɗan.