Neman kalma: me za mu ce da "ecosystem"? Mu gwada a kan Jakara

Malamai da masu fassara, ku matso. Kalmar ecosystem ta daɗe tana wahalar da mu, kowa da irin tasa Hausar, mafi yawa kuma "muhalli" suke cewa su wuce. Wani masanin tsirrai ɗan Ingila, Arthur Tansley, shi ya fito da ita a 1935, yana nufin masu rai da marasa rai na wuri guda, da yadda rayuwar kowanne ta rataya a kan ɗan uwansa. Ni kam ba na karɓar kalma sai an ɗora ta a kan abin da ido ya gani. Mu ɗora ta a kan kogin Jakara.

Tsofaffin labaran Kano sun ce Kurmin Baƙin Ruwa ake kiran wurin, ruwa ne da itatuwa suka kewaye. Kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a gefensa har gobe Kurmi ake ce mata. Sai gari ya tumbatsa. Aka cike kududdufai aka yi gidaje da shaguna, aka malale tsakar gida da siminti, ruwan sama ya rasa inda zai nutse. Shi ya sa da damina Jakara kan cika cikin ɗan lokaci ya yi ambaliya, da rani kuwa kusan duk abin da ke gudu a cikinsa ruwan kwata ne. Jinin dabbobi daga mahauta ya shiga, rafin Getsi ya kawo nasa daga masana'antun Bompai, duka su gangara madatsar Wasai a Minjibir. Wani ɓangaren ma an rufe shi da titin Wuju-Wuju, rana ba ta ganinsa.

Ga abin da nake so kalmar ta ɗauka. Ƙazantar kwata taki ce. In ta yi yawa a ruwa sai gansakuka da kainuwa su yi tsiro su rufe samansa. In sun mutu suna ruɓewa, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sai su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Karfasa ba ta jure haka. Tarwaɗa ce ke ɗan daɗewa, don ita tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska. In ƙananan kifi da talibambam suka ragu, tsutsar sauro ta samu sarari, zalɓe ya canza wurin kiwo, masunci ya dawo da koma babu komai. Shi kuma mai lambu a Kwakwaci, da wannan ruwan yake ban-ruwan latas da alayyafo, gobe da safe suna kasuwa.

To, a ce "muhallin Jakara ya lalace". Mai sauraro zai hango leda da wari, shi ke nan. Ba zai hango cewa mutuwar karfasa ce ta ƙara masa sauro ba. Kuma muhalli ta riga ta kama aikinta a wata kalmar, wato environment, har ma'aikata gare ta.

Wani ɗan uwa ya kawo "mazaunin halittu". Malam, kalmarka tana da kyau, amma wurin zama kawai ta faɗa, a ajiye ta don habitat. "Tsarin muhalli" kuwa, duk wanda ya ji zai zaci aikin masu awon filaye ne. Wanda ya ce "cuɗe-ni-in-cuɗe-kan halittu" ya ba ni dariya, sai dai a tambayi kifin da ke bakin zalɓe ko ana cuɗa masa baya.

Tawa ita ce zamantakewar halittu.

Wata malama mai koyar da kimiyya ta ce zamantakewa ta mutane ce, kuma ruwa da laka ba su da rai balle su yi zaman tare. Malama, maganarki ta farko na karɓa da rabi. Gaskiya ne a kan mutane muka fi faɗarta, amma Bahaushe ya san zamantakewa ba daɗi kaɗai ba ce, akwai ci da cuta da dogaro a cikinta, kuma in ɗaya ya tashi sauran suna ji a jikinsu. Ta biyun kuwa ita ce ma dalilina. A Hausa halitta ba ta tsaya kan mai numfashi ba. Ruwa halitta ne, yashi halitta ne, hasken rana ma haka. Kalma ɗaya ta kwashe masu rai da marasa rai, abin da Tansley ya nema ke nan.

Tana da tsawo, wannan ban musa ba. Mai karanta labarai zai iya faɗarta cikakkiya sau ɗaya, bayan nan ya ce "zamantakewar" kurum.

Mu kai ta kogin Challawa mu gani ko za ta tsaya: "Ruwan jima mai sinadarin kuromiyam daga Sharaɗa da Challawa, da haƙar yashi don gine-ginen birni, sun dagula zamantakewar halittun kogin." Manomin Tamburawa zai gane wannan ba sai an ƙara masa bayani ba. Kuma tana haihuwa, don ecology sai ta zama ilimin zamantakewar halittu.

'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, in kunnenku bai karɓe ta ba, ku faɗi yadda kuke cewa a makarantunku kafin mu sa ta a jerin kalmomi.