Jimillar awannin ma'aikata a Excel ta ƙi fita daidai, a taimaka

Sabon_Akawu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin Excel ku kawo ɗauki. Oga ne ya ɗora min lissafin awannin ma'aikata na sati-sati, sai na tsara shi haka: kwalam A suna, B lokacin shigowa, C lokacin tashi, D kuma na sa =C2-B2 ya ba ni awannin ranar. Wannan dai lafiya lau. To amma da na yi SUM na sati guda sai abu ya rikice, akwai wanda ya yi kwana 6 kullum awa 8:30, ko da ka aka lissafa 51 ne ai, amma Excel ya rubuta min 3:00. Uku fa! Ga kuma masu dutin dare da ke shiga 22:00 su tashi 6:00, su nasu ma ##### kawai yake nunawa, na ja kwalam ɗin na faɗaɗa har na gaji bai canza ba. Jibi za a biya albashi wallahi kaina ya ɗau zafi.

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa, fomularka ba ta da laifi, kuma awa 51 ɗin nan suna nan ba inda suka je, Excel ne yake nuna maka su kamar agogon bango. Shi a wurinsa lokaci yanki ne na kwana: awa 24 ita ce 1, ƙarfe 12:00 na rana 0.5, awa 6 kuma 0.25. To tsarin h:mm da ka bari a kai duk sanda aka cika 24 sai ya koma sifili ya sake farawa, awa 51 ka cire kwana biyu wato 48, saura 3, ka ga inda 3:00 ɗinka ta fito.

Danna kan sel ɗin jimillar, ka danna Ctrl+1, ka shiga Custom ka goge abin da ke wurin ka rubuta [h]:mm. Waɗannan baka biyun da suka rufe h su ne ke ce masa kar ya zagayo, nan take za ka ga 51:00.

Na masu dare kuma, ai 6:00 ta fi 22:00 ƙanƙanta, da ka ɗebe sai amsar ta faɗa ƙasa da sifili, shi kuma Excel ba ya nuna lokaci irin wannan, shi ya sa faɗaɗa kwalam bai yi maka komai ba. Sa =MOD(C2-B2,1) a D2 ka ja ƙasa har ƙarshe. Kar ma ka tsaya ware su waye na dare su waye na rana, duka tana yi musu, na dare zai ba ka 8:00.

Sabon_Akawu:
Kai! Malam Allah ya saka da alheri, 51:00 ta fito, na daren ma sun daidaita. Saura ɗaya, na ninka da kuɗin awa sai ya ba ni wani ɗan mitsitsin abu da ko kunyar nuna wa oga nake.

Tsohon_Hannu:
Hhhh maganar ɗazu ce dai. Idonka na ganin 51:00 amma abin da ke ƙarƙashi 2.125 ne, kwana biyu da ɗan ɗori. In a ce kuɗin awa 100 ne zai ba ka 212.5 a maimakon 5100. Ka fara ninkawa da 24, sannan da kuɗin awa, kuma ka mayar da sel ɗin Number, don in ba haka ba yana iya mayar maka da albashin mutum ƙarfe kaza.

Hajiya_Lissafi:
Bari in ɗan sa baki. Ni shawarata tun daga kwalam D ka mayar da komai lamba zalla, =MOD(C2-B2,1)*24, ka huta da rigimar [h]:mm gaba ɗaya, SUM zai tafi sumul. Sai dai ka kula 8:30 za ta koma 8.5 ne, ba 8.30 ba, rabin awa kenan. Wannan abin ya taɓa ƙona ni, wata yarinya da ke taya ni shigar da bayanai ta riƙa buga 8.30 da ɗigo maimakon 8:30, Excel kuwa ya ɗauka kwana takwas da wani abu take nufi, sai da mutum ɗaya ya tashi da awannin da ko bai yi barci ba duk satin ba zai yi su ba. Ranar har bayan isha'i ina bin layi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan duk sel ɗin da na ga lokacin ya manne a gefen hagu nake zarginsa, don yawanci rubutu ne ba lamba ba, kuma SUM tsallake shi yake yi shiru ba ya ce maka komai. =ISNUMBER(B2) za ta tona masa asiri, in ta ce FALSE a sake bugawa.

Sannan tunda sunaye na maimaituwa a kwalam A, daina haɗa na kowa da hannu ƙanena. Jera sunayen sau ɗaya a kwalam G, a H2 ka sa =SUMIF(A:A,G2,D:D) ka ja ƙasa. Amma fa sunan ya zama iri ɗaya ko'ina, ko sarari ɗaya aka bari a ƙarshen suna ya zama wani mutum daban a wurinsa. In kuna cire hutun rabin awa sai ka ƙara -0.5 a ƙarshen fomular D, in kuma kuna biyan obataim bayan awa 8, =MAX(0,D2-8) a kwalam E.

Ɗan_Sheets:
Ga masu Google Sheets, Format sai Number sai Duration, shi ke nan ya wuce 24 ba gardama. In kuma fomula ta ƙi shiga a gwada alamar ; a madadin waƙafi, wasu kwamfutocin haka saitinsu yake.

Sabon_Akawu:
Hajiya na gode ƙwarai, na bi taki hanyar ta *24. ISNUMBER ta kamo min layi 4 da suka shiga a matsayin rubutu ba lamba ba, uku daga ciki ni da hannuna na buga su.