Amosanin gaɓɓai: Yayata na son barin gashin ƙashi, wai magani ya ishe ta

Mai tambaya, daga Pantami, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata mai shekara 41 aka gano tana da amosanin gaɓɓai, irin mai kumbura yatsu da wuyan hannu biyun. Da safe hannun kan yi awa guda a sanƙare. Sati uku ke nan tana shan metotireksat, folik asid da firednisolon, an kuma tura ta sashen gashin ƙashi. Ta ce sauƙin kaɗan ne, motsin kuma ƙara mata ciwo yake, za ta bar gashin. Mene ne abin yi?

Mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Yaya lafiya. Sati uku ya yi wuri. Metotireksat kan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, shi ya sa aka haɗa mata da firednisolon ya riƙe ta. Kada ta yanke firednisolon rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage shi a hankali.

Abin da na fi jin tsoro: metotireksat sau ɗaya ake sha a SATI, ba kullum ba. Wanda ya sha kullum, ɓargonsa zai daina yin jini, kuma yana kisa. Ku tsayar da rana guda, a rubuta a jikin kwalin. Folik asid a wata ranar daban. Kada kowane kemis ya ba ta Septrin (maganin kashe ƙwayoyin cuta), haɗuwarsa da metotireksat guba ce. Idan baki ya yi gyambo, ko zazzaɓi, ko tari da sarƙewar numfashi, a tsayar da metotireksat a tafi asibiti ranar. Gwajin jini da hanta da ƙoda duk sati biyu a farko, daga baya a tsawaita.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙari ɗaya: metotireksat na lalata ɗan tayi. Idan tana son ƙarin haihuwa, ta faɗa wa likita tun yanzu, akwai wasu magungunan.

Likitan gashin ƙashi:
Ƙanwata, ki roƙe ta kada ta bari. Magani kumburi yake kashewa, ba ya dawo da ƙarfin tsokar da aka daina mora, gaɓar da aka ajiye kuwa ƙagewa take. Amma ciwonta gaskiya ne, wataƙila lokacin motsin ne bai dace ba.

Da safe ta tsoma hannu a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, musamman da hunturu, sannan ta dunƙule ta buɗe a hankali sau 10, ta taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ta lanƙwasa wuyan hannu sama da ƙasa. Ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ba ruwan ɗumi: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 10, da motsi mai sauƙi ba nauyi. Ciwon da ya wuce awa biyu bayan motsi alama ce an zarce, gobe a rage.

Ciwon kan karkatar da yatsu wajen ƙaramin yatsa, aikin gida kuma na iya ƙara hakan. A ɗauke mata daka da matse wanki. A naɗe muciya da ludayi da tsumma su yi kauri, tukunya kuma da hannu biyu. Ta tambayi sashen gashin abin ɗaure wuyan hannu na dare. Idan gwiwa ta hana sujada, ta yi sallah a kan kujera.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yau zan duba kwalin, mun tsayar da Juma'a.